Yadda kuɗin talabijin ya raba maƙwabta a ƙwallon jami'o'in Amurka

Yau ba Ingila za mu ba, ba kuma Sifaniya ba. Amurka za mu leƙa, mu duba wata ƙwallo da ba a cika nuna ta a gidajen kallo na unguwanninmu ba, wato ƙwallon Amurka, wadda ɗan wasa ke rungumar ƙwallo ya ruga da ita, kansa cikin hular kwano, kafaɗunsa da matashi, mai kama da zari-ruga. Kuma ba ta ƙwararru nake nufi ba, ta ɗaliban jami'a. Na san wani zai ce ina ruwanmu da wasan 'yan makaranta a wata uwa duniya. Ku ba ni aron kunnuwanku, domin labarin ya shafi duk wanda ya taɓa son wata ƙungiya har zuciya, kuma akwai inda ya taɓo 'ya'yanmu kai tsaye.

Da farko dai a san girman abin. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da dubu 107, ya fi Wembley, kuma cika yake yi ranar Asabar. A jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma babu ƙungiyar ƙwararru ta gasar NFL ko ɗaya, saboda haka ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa da kowa, har wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba. Kaka ya kai ɗansa filin, ɗan ya kai jika.

Su waɗannan jami'o'i rukuni-rukuni suke wasa. Kowane rukuni a asalinsa ƙawance ne na maƙwabta: jami'o'in kudu maso gabas suna cikin SEC, na tsakiyar ƙasar ta arewa suna Big Ten, na gabar tekun Atlantika suna ACC, na filayen tsakiya da Texas suna Big 12, na gabar tekun Fasifik kuma suna Pac-12. A nan babu hawa babu faɗuwa irin ta Firimiya. Ba a shiga rukuni don an ci wasa, ba a fita don an sha kashi. Gayyata ce, shugabannin jami'o'i ke kaɗa ƙuri'a. Kuma wanda ya shiga, da dukkan wasanninsa yake shiga: ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ninƙaya, guje-guje, na maza da na mata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tushen rikicin yana shekarar 1984. Kafin nan hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ce ke riƙe da hakkin nuna wasanni a talabijin, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace ƙungiya. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, suka ce ana tauye musu kasuwa. Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya da rinjayen alƙalai bakwai cikin tara. Wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye shi ne Mai Shari'a Byron White, wanda shi kansa tsohon gwarzon ɗan wasa ne a Jami'ar Colorado, kuma abin da ya ji wa tsoro shi ne wasan ɗalibai ya rikiɗe ya zama kasuwanci zalla. Daga ranar, kowane rukuni ya sami damar sayar da wasanninsa da kansa, darajar jami'a kuma ta koma ga yawan idanun da za ta iya jawowa gaban akwatin talabijin.

Sai aka fara ƙaura. Penn State ta shiga Big Ten, Arkansas da South Carolina suka shiga SEC a farkon shekarun 1990. Tsohon rukunin Southwest ya mutu a 1996. Miami da Virginia Tech da Boston College suka tsallaka ACC a 2004 da 2005. Nebraska ta koma Big Ten a 2011, Texas A&M da Missouri suka koma SEC a 2012. Amma ƙaurar da ta tona asirin lissafin ita ce ta 2014, da Big Ten ya ɗauko Rutgers da Maryland. Babu wanda zai ce don gwanintar ƙwallo aka ɗauke su. Big Ten ya buɗe tasharsa ta kansa tun 2007, kuma ya fi samun kuɗi a kan kowane gida idan gidan yana cikin yankin da yake da jami'a. Rutgers tana bakin birnin New York, Maryland tana bakin birnin Washington. Gidajen da ke biyan kuɗin tashoshi aka saya, ko mutanen gidan sun kalla ko ba su kalla ba.

A watan Yulin 2021 labari ya fito cewa Texas da Oklahoma, ginshiƙan Big 12, za su koma SEC. Ranar 30 ga Yunin 2022 kuma USC da UCLA, duka biyun a birnin Los Angeles, suka ba da sanarwar barin Pac-12 zuwa Big Ten. Ba a yi wata biyu ba Big Ten ya ƙulla yarjejeniya da tashoshin Fox da CBS da NBC ta sama da dala biliyan 7 a shekara bakwai. Wanda ya kalli jerin abubuwan nan ya san ba haɗuwar sa'a ba ce. Tashar ESPN na bayan SEC, Fox na bayan Big Ten, kuma kowannensu yana son manyan sunaye su taru a shagonsa.

To, bari mu tsaya a kan Pac-12, domin nan ne abin ya fi ciwo. Asalin rukunin nan yana komawa 1915, lokacin da wasu jami'o'in yamma suka zauna a birnin Portland suka ƙulla ƙawance. Ya ci kofunan ƙasa sama da 500 a wasanni daban-daban, babu rukunin da ya kamo shi. Daga 1947 zakaransa ya riƙa karawa da zakaran Big Ten a wasan Rose Bowl a garin Pasadena, ranar farko ta sabuwar shekara. Amma shugabanninsa sun yi sakaci. Tashar da suka buɗe a 2012 ba ta shiga gidaje yadda aka yi fata ba, har ta mutu ba ta daidaita da kamfanin DirecTV mai kai tashoshi gidaje ba. Da jami'o'in Los Angeles suka fice, Big 12 ya yi wuf ya sabunta kwantiraginsa da ESPN da Fox a watan Oktoban 2022, ya kwashe abin da ya rage a kasuwa. Shugaban Pac-12, George Kliavkoff, ya yi ta neman mai saye har shekara ta zagayo. Colorado ta gaji da jira, ta fice a ƙarshen Yulin 2023. Abin da ya iya kawowa a ƙarshe tayi ne daga kamfanin Apple, na nuna wasanni ta intanet, kuma tabbataccen kuɗinsa bai wuce dala miliyan 25 ga kowace jami'a a shekara ba, alhali 'yan Big Ten suna karɓar sama da miliyan 60.

Ranar Juma'a 4 ga Agustan 2023 da safe aka shirya shugabannin jami'o'i tara da suka rage za su zauna su sa hannu. Ana dab da zaman, Washington da Oregon suka sanar da cewa ba da su ba, Big Ten za su. Ko cikakken kaso ba a ba su ba, kusan rabi suka karɓa, suka ce sun yarda. Kafin rana ta faɗi Arizona da Arizona State da Utah sun bi Colorado zuwa Big 12. Ƙawancen shekara 108 ya watse tsakanin hantsi da magariba. Bayan mako huɗu Stanford da California, waɗanda ke kallon tekun Fasifik, suka roƙi shiga ACC na gabar Atlantika a kan ɗan ƙaramin kaso. Jami'ar SMU ta birnin Dallas da ta shiga tare da su ta yafe kuɗin talabijin na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin, ita dai a ba ta kujera.

Aka bar biyu a tsaye: Oregon State a garin Corvallis, da Washington State a garin Pullman. Jama'a, Pullman ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin alkama, mutanensa dubu talatin da 'yan kai, filin wasansa kuma yana ɗaukar kusan adadin mutanen garin. Asabar shida ko bakwai a shekara da ake wasa a gida, su ne kakar masu masauki da masu abinci da masu gidan mai. Laifin jami'o'in nan biyu ba rashin iya ƙwallo ba ne, domin a kakar da aka yashe su dukansu sun shiga jerin ƙungiyoyi 25 mafiya ƙarfi a ƙasar. Laifinsu shi ne garuruwansu ba su da yawan gidajen da za a sayar wa mai talla. Sun je kotu, sun ci nasarar riƙe suna da dukiyar rukunin, amma kotu ba ta iya tsare musu mutane. Kocin Oregon State, Jonathan Smith, wanda a nan ya yi karatu, a nan ya yi wasa, ya tafi Michigan State a ƙarshen kakar. Cam Ward, jagoran 'yan wasan Washington State, ya koma Miami, daga can aka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen 'yan wasan NFL na 2025.

Kuma abin da ya fi damuna shi ne wanda aka zalunta ya juya ya yi wa na ƙasa da shi irin abin da aka yi masa. A watan Satumban 2024 Pac-12 ɗin da ya rage ya kai hannu rukunin Mountain West, ya janye Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State. Shi kuma Mountain West ya waiwaya ya ɗauko UTEP daga wani rukunin da ya fi shi rauni, wannan ma ya gangara ƙasa ya ɗebo wasu. Kowa cewa yake yi ba shi da zaɓi, kuma a gaskiya kowannensu idan ka zauna da shi shi kaɗai za ka ga hujjarsa. Shugaban jami'ar da ya ƙi tashi alhali maƙwabcinsa na shirin tashi, gobe shi za a bari da bashin ginin filin wasa. Amma hujjojin nan da aka tara su wuri ɗaya, abin da suka haifar ɓarna ce.

Ba zan ɓoye cewa an sami abin da ya yi daɗi ba. Texas da Texas A&M da suka daina haɗuwa bayan 2011 sun sake karawa a 2024, tunda sun koma rukuni ɗaya. Oregon ta ci kofin Big Ten a shekararta ta farko. SMU da Arizona State sun shiga gasar cin kofin ƙasa, wadda aka faɗaɗa daga ƙungiya 4 zuwa 12 a 2024. Mai kallo daga falonsa yana samun manyan wasanni kowace Asabar fiye da da. Sai dai a duba abin da aka bayar aka karɓi wannan. Oklahoma da Oklahoma State, 'yan jiha ɗaya, sun fi shekara ɗari suna karawa, wasansu na 2023 shi ne na ƙarshe a jere. Nebraska da Oklahoma sun zama baƙin juna. Pittsburgh da West Virginia sun yi shekara goma ba su haɗu ba. Rose Bowl na ranar 1 ga Janairun 2025 kuwa Oregon ce da Ohio State, duka 'yan Big Ten. Daɗin irin wannan gaba yana cikin cewa wanda ka doke abokin aikinka ne, ko surukinka, za ku haɗu ranar Litinin ka tsokane shi har shekara ta zagayo. Mutumin Los Angeles ba shi da suruki a Rutgers.

Yanzu mu dawo kan abin da na ce ku riƙe. Big Ten yau yana da jami'o'i 18, daga teku zuwa teku. Daga Los Angeles zuwa harabar Rutgers a jihar New Jersey kusan kilomita 3,900 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, ga bambancin agogo na awa uku. 'Yan ƙwallon Amurka ba su ne abin tausayi ba a nan. Wasa 12 suke yi a kaka, sau ɗaya a mako, ranar Asabar, a jirgin shata, kuma rabin wasannin a gida. Amma mu ɗauki yarinya 'yar ƙwallon raga ko ƙwallon ƙafa ta mata. Ita wasanninta sun fi yawa, wasu a tsakiyar mako. Za ta tashi da asuba ta nufi filin jirgi, sau da yawa jirgin haya na kowa da kowa, wani lokaci da sauyin jirgi a hanya. Ta yi awa biyar a sama, ta sauka jikinta na cewa la'asar, agogon garin na cewa dare. Ta buga wasa gobe, ta kwana a otal, ta buga wani jibi, ta dawo gida cikin dare, ga lacca da safe, ga jarrabawa a mako. Littafinta a kan cinya take karanta shi a zauren jiran jirgi. Ba a nemi shawararta ba, kuma wasanta ba shi ne ya jawo kwantiragin biliyoyin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kocin Missouri, Eli Drinkwitz, wanda jami'arsa na cikin masu cin riba, ya fito fili a watan Agustan 2023 ya tambaya ko akwai wanda ya lissafa abin da tafiye-tafiyen za su ci wa ɗaliban na barci da lafiya, da kuma iyayen da ba za su ƙara iya zuwa kallon 'ya'yansu ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Da yawa daga cikin 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya ta jami'o'in Amurka suka bi. Blessing Okagbare da Tobi Amusan duka a UTEP suka yi karatu, ita wannan UTEP da na ambata ɗazu a cikin jerin masu ƙaura. Divine Oduduru ya yi Texas Tech. Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022 a filin Jami'ar Oregon da ke garin Eugene. Tallafin karatun da ke kai irin waɗannan yara can, galibi daga aljihun sashen wasanni yake fitowa, kuma ƙwallon Amurka ce ke cika aljihun. Jami'ar da kuɗin talabijin ɗinta ya ragu, ba ƙwallon za ta fara yanke wa kasafi ba. Ƙananan wasanni za ta taɓa, kuma gurbin yaron da ke atisaye yau a Ijebu-Ode ko Kaduna ko Jos yana iya kasancewa cikin abin da za a soke.

Ga kuma wani nauyi da ya ƙaru. Shekara da shekaru jami'o'in nan suna cewa ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, bai kamata a biya shi ba, alhali koci na karɓar miliyoyi. Wannan hujja ta rushe, kuma su da kansu suka rushe ta, domin wanda ya ratsa nahiya saboda kuɗin talabijin ba zai tsaya gaban alƙali ya ce wasan na nishaɗin 'yan makaranta ne ba. Tun Yulin 2021 aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ni ina ganin wannan daidai ne, haƙƙinsu ne da aka daɗe ana dannewa. Sai dai mai karɓar miliyan 60 zai biya ba tare da ya ji a jikinsa ba, mai karɓar miliyan 10 kuwa sai ya sayar da wani abu, kuma mun san abin da zai fara sayarwa.

Masu sauraro da dama za su tuna watan Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka ce za su ware su kafa gasarsu ta Super League. Magoya baya a Ingila suka fito kan titi, cikin kwana biyu shirin ya ruguje. Me ya sa Amurkawa ba su yi haka ba? A ganina, saboda ba a yi musu shi rana ɗaya ba. An yi ta gutsura ne, jami'a biyu bana, uku baɗi, tsawon shekara talatin. Kuma a kowane karo magoya bayan wadda aka gayyata murna suke yi, sun tsira, waɗanda aka bari kuwa ba su da yawan da muryarsu za ta kai ko'ina. Ba a taɓa samun ranar da kowa ya ji zafin a lokaci ɗaya ba.

Mafita tana nan, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Chip Kelly, lokacin yana kocin UCLA, ya faɗe ta a 2023: a cire ƙwallon Amurka daga rukunonin nan, a yi mata tsarinta daban na ƙasa baki ɗaya, sauran wasanni kuma su koma wasa da maƙwabtansu. Ai Notre Dame ta daɗe tana haka, ƙwallonta mai zaman kanta ce, yawancin sauran wasanninta suna ACC, kuma ba ta rasa komai ba. Idan ƙwallon ta zama sana'a, to a kira ta sana'a, a yi wa 'yan wasanta kwantiragi da inshorar lafiya, a zauna da wakilansu a yi ciniki. Ita kuma 'yar ƙwallon ragar UCLA ta hau mota ta je Stanford ko San Diego ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ni zan ƙara da cewa a buɗe ƙofar hawa da faɗuwa, domin Boise State ko Washington State su san cewa cin wasa zai iya kai su sama. Abin da ya hana shi ne Big Ten da SEC su ke da rinjaye a yanzu, su ke kwashe kaso mafi tsoka na kuɗin gasar cin kofin ƙasa, kuma babu wata hukuma a samansu da za ta tilasta musu. NCAA ba ta da iko a kan kuɗin talabijin na wannan ƙwallo tun hukuncin 1984.

Kuma kada a ɗauka ƙura ta lafa. Florida State da Clemson sun kai rukuninsu na ACC kotu suna neman hanyar fita. An yi sulhu a watan Maris na 2025, aka ƙara wa masu jawo 'yan kallo kaso, aka kuma tsara kuɗin ficewa ya riƙa raguwa kowace shekara har ya sauko dala miliyan 75 wajen 2030. A daidai wannan lokacin ne kwantiragin Big Ten zai ƙare, na Big 12 kuma ya biyo baya a 2031. Duk wanda ya sa hannu a takardar sulhun ya san dalilin da ya sa aka zaɓi waɗannan shekaru. Jami'o'i irin su Wake Forest da Boston College da Syracuse sun ga abin da ya sami Pullman da Corvallis, sun kuma san ana lissafin gidajen garuruwansu. Har ma a cikin Big Ten da SEC, ƙananan da ke karɓar kaso daidai da Ohio State ko Alabama ba su da tabbacin manyan za su ci gaba da yarda a raba daidai idan an zo sabon ciniki.